Daren da na sayar da bakin mazaɓata

Mahaifina tela ne, kuma ɗan PRP ne na gani-kashe-ni. A bangon shagonsa, daidai saman tsohon kekensa ƙirar Singer, akwai hoton Malam Aminu Kano wanda ƙura da hayaƙin fitila suka rina shi ya yi ja, a gefensa kuma an liƙa zanen makulli, alamar jam'iyyar. An haife ni a 1977, saboda haka zaɓen 1979 a bakinsa kawai na ji shi, yadda PRP ta ci Kano da Kaduna, da yadda majalisar dokokin Kaduna ta tsige gwamnan jihar, Balarabe Musa, a 1981, labarin da bai taɓa bayarwa ba tare da ya ajiye almakashi ya girgiza kai ba. Zaɓen da na fara gani da idona shi ne na gwamnoni a watan Disamba na 1991, zamanin SDP da NRC, lokacin da ake yin ƙato-bayan-ƙato. Na tsaya a gindin bishiyar darbejiya ina kallon mahaifina a cikin layin da bai kai rabin ɗaya layin tsawo ba, mutane suna yi masa ba'a suna cewa ya dawo inda jama'a take, shi kuwa ko waiwaye bai yi ba har aka gama ƙirga. Da muka dawo gida na tambaye shi dalilin da ya sa ya tsaya a layin da ya san ba zai ci ba, sai ya ce mini ai ba ƙidaya ya je yi ba, shaida ya je bayarwa.

Na fara da wannan ne domin kada wani ya ɗauka cewa abin da na aikata daga baya rashin sani ne ya jawo shi. Ba zan faɗi sunan jiharmu ba, ba zan faɗi jam'iyya ko ɗan takara ba, domin ba asirin wani na zo tonawa ba, nawa na zo tonawa.

Na gaji shagon bayan rasuwar mahaifina, na kuma shiga siyasa tun dawowar mulkin farar hula a 1999, daga liƙa fosta har na zama ɗaya daga cikin shugabannin jam'iyya na mazaɓarmu. Shekara ashirin da 'yan kai ina wannan hidima ban tsinana komai ba sai hula da atamfar kamfen, amma ina da abu ɗaya wanda a lokacin ban san darajarsa ba: idan na faɗi magana a unguwarmu ana yarda da ita. Mutane suna kawo mini ajiyar kuɗin gayya da na gyaran masallaci, ana kirana rabon gado a matsayin shaida, kuma idan aka ce ɗan wane tela ne ya faɗa, to magana ta ƙare.

A ranar 25 ga Fabrairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Zaɓe ta 2022. Dokar ta ba jam'iyyu hanya uku na fitar da ɗan takara: ko 'yar tinƙe inda kowane ɗan jam'iyya zai yi zaɓe, ko zaɓen wakilai waɗanda muke kira daliget, ko kuma sulhu, wanda shi ma sai duk masu neman takarar sun yarda a rubuce. Sai dai wajen rubuta sashe na 84 an bar wani giɓi, domin ba a ambaci manyan da a da suke zama daliget saboda muƙaminsu ba, irin su 'yan majalisa da tsofaffin masu riƙe da kujeru. Majalisar Tarayya ta yi gaggawar gyara wurin a watan Mayu, amma ba a sa hannu a gyaran ba har aka yi zaɓukan fidda gwani. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, mutanen da aka zaɓo daga mazaɓu, biyar-biyar a wata jam'iyyar, uku-uku a wata, su kaɗai ne za su fitar da wanda zai yi takarar gwamna. Cikin dare ɗaya daliget ya zama ango. Mutumin da ya sayi fom ɗin takara a kan naira miliyan 50, ko miliyan 21 a ɗaya babbar jam'iyyar, sai ga shi yana durƙusa wa mai faci da mai shayi yana kiransu ranka ya daɗe.

A takarda, 'yan jam'iyya ne suke taruwa a mazaɓa su zaɓi wakilansu. A zahiri kuwa, a wurinmu, a falon wani babba aka rubuta sunayen, kuma sai da na kai abin da ake kira kuɗin fom da na ɗawainiya kafin sunana ya shiga. Ba ni da su a hannu, don haka na sayar da keken da nake yin aikin wuya da shi, wanda shi ne ke kawo mini rabin abin da nake samu, musamman a watan azumi da ake rububin ɗinkin Sallah. Maiɗakina ta ce mini, "Malam, keken nan shi ne tukunyarmu, idan ka fasa ta a ina za mu dafa?" Na ce mata kafin Babbar Sallah zan sayi biyu. Tun daga wannan ranar, ko da ban furta wa kaina ba, na riga na mayar da kujerar daliget jari, kuma duk wanda ya zuba jari riba yake jira.

Masu neman takarar gwamna a jam'iyyarmu suna da yawa, amma biyu ne a gaba. Ɗaya shi ne wanda jagoran jam'iyya na jiha yake so, wanda muke kira ɗan takarar sama. Ɗayan kuma mutumin yankinmu ne, wanda tun kafin ya nuna sha'awar kujera ya gyara mana kwalbatin da ke yanke mu daga hanyar asibiti duk damina, ya kuma ɗauki nauyin albashin wata ungozoma a ƙaramin asibitinmu na tsawon shekara biyu. Ba waliyyi ba ne, ɗan siyasa ne kamar kowa, amma mun ga abin da ya yi da idonmu. Bayan Ƙaramar Sallah dattawan mazaɓa suka kira mu a harabar makarantar firamare, mu wakilai, suka ce ga wanda suke so. Wani tsoho aminin mahaifina, wanda nake kira Baffa, ya riƙe hannuna a gaban kowa ya ce, "Ɗana, mu ba za a bar mu mu shiga wurin ba. Bakinmu muka ba ka, ka je ka faɗi abin da muka faɗa." Na ce masa, "Baffa, in Allah ya yarda ba za ku ji kunya ba." Babu wanda ya sa ni rantsuwa a ranar, domin ba su ga bukatar hakan ba.

A makon ƙarshe na watan Mayu, ana saura kwana biyu zaɓe, aka aiko mana da motoci aka ce za a kai mu babban birnin jiha domin tantancewa. Da muka isa sai muka tarar da kanmu a wani otal da aka kama gaba ɗayansa, aka karɓe wayoyinmu a bakin ƙofa aka zuba a cikin wani buhu, aka ce saboda tsaro ne. Ban taɓa kwana a ɗaki mai na'urar sanyaya iska ba sai ranar. Ina tuna yadda na zauna a gefen gadon na kasa kwanciya a kan farin zanin don kada in ɓata shi, ina jin ƙarar janareta da hayaniyar 'yan jagaliya da aka jibge a waje domin kada wakilan wani ɗan takara su iso gare mu. An ciyar da mu kaji sau uku a rana. Wani abokina daga maƙwabciyar mazaɓa ya ce mini cikin raha, ai ragon layya ma haka ake yi masa.

Daren jajiberin zaɓe, wajen ƙarfe ɗaya, aka fara kiranmu ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma zuwa wani ɗaki a bene na sama. A kan tebur akwai jakar Gana-mas-go a buɗe, a gefenta kuma Alƙur'ani a kan dardumar salla, ga buta cike da ruwa a bakin bayi domin wanda ba shi da alwala. Wani mutum mai tattausar murya ya yi mana bayani cewa jam'iyya uwa ce, kuma uwa ta riga ta zaɓa wa 'ya'yanta abin da ya fi musu alheri, sannan ya ce duk wanda ya ba da haɗin kai ba za a manta da shi ba idan an kafa gwamnati. Ni an ce za a ba ni muƙami a hukumar kula da kasuwar ƙaramar hukumarmu. Aka miƙo mini ƙunshi biyu na 'yan dubu-dubu da wani ƙarami a sama, naira 700,000 cif, kuɗin da ban taɓa riƙe irinsa nawa na kaina ba. Na yi alwala, na ɗora hannuna, na maimaita abin da aka ce in maimaita. Abin da ya fi tsaya mini a rai har yau shi ne sanyin ruwan alwalar a fuskata, da yadda na tsaya na kyautata ta, har da tsefe gemu, kamar wanda zai shiga sallar Juma'a.

Washegari aka kai mu filin zaɓe cikin rakiyar jami'an tsaro. Komai a tsare yake, domin tun abin da ya faru a Zamfara, inda Kotun Ƙoli a watan Mayun 2019 ta soke dukkan nasarar APC a jihar saboda ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, shugabannin jam'iyyu suka koyi cika takarda. Ga jami'an hukumar zaɓe ta INEC sun zo sa ido, ga kwamitin da uwar jam'iyya ta turo daga Abuja, ga 'yan jarida, ga akwatuna masu gilashi. Ana kiran suna, a duba katinka, a ba ka takarda ka rubuta sunan wanda kake so. Waɗanda ba su iya rubutu ba ana haɗa su da mai rubuta musu, kuma kowa ya san ko yaron wane ne mai rubutun. Ni kuwa na iya boko, don haka ni kaɗai na tsaya a gaban teburin.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya tare da ni. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tilasta mini aka yi, an tsare mu, an karɓe wayoyinmu, an rantsar da mu. Duk gaskiya ne, amma a wannan minti ɗaya babu kowa a kaina. Mai sa idon da aka ajiye ya juya yana gardama da wani ejan, wato wakilin ɗan takara, biro yana hannuna, takardar fara ce. Da na rubuta sunan mutumin yankinmu babu mahaluƙin da zai sani. Na tuna Baffa, na tuna layin mahaifina na 1991, sannan na tuna ƙunshin da ke cikin aljihun 'yar cikina da kujerar hukumar kasuwa, sai na ce wa zuciyata ai na yi rantsuwa da Alƙur'ani, kuma karya rantsuwa babban zunubi ne. Da addini na rufe bakin zuciyata, alhali na san alkawarin da na yi wa dattawa ya riga rantsuwar, kuma na san ba tsoron Allah ne ya riƙe hannuna ba. Na rubuta sunan ɗan takarar sama, na ninke, na jefa.

Da aka ƙirga, ƙuri'un da mutumin yankinmu ya samu ba su kai yawan wakilan ƙananan hukumomin yankin nasa ba ma, balle a yi maganar sauran jiha. Kowa ya koma gida yana cewa shi dai ya cika alkawari, sauran ne suka ci amana, ni ma haka na faɗa. Amma bayan kwana tara na sayi sabon babur ƙirar Boxer, ban ma mayar da keken aikin wuyan ba, kuma a unguwa irin tamu babur sabo ya fi mai shela baki. Babu wanda ya tare ni da faɗa. Da an zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ya faru shi ne, ma'ajin masallaci ya zo da ladabi ya ce kwamiti ya yanke shawarar a buɗe asusu a banki, in kawo kuɗin da ke hannuna. Aka yi rabon gadon maƙwabcina ba a kira ni ba. Idan na iso majalisa bayan Isha'i sai hira ta koma kan damina da farashin taki. Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa sa baki a harkar siyasata ba, ta ga babur ɗin a zaure ta ce, "Kai, wannan abin hawan kada ka ɗauke ni a kansa, ko asibiti za ni." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma ba ta taɓa hawansa ba.

Wanda aka kayar ya garzaya Babbar Kotun Tarayya, domin doka kwana 14 kacal ta ba mai ƙorafi a kan zaɓen fidda gwani ya shigar da ƙara. Lauyoyinsa suka yi ta neman daliget ko guda biyu da za su tsaya su faɗi abin da ya faru a otal ɗin. An aiko mini har sau biyu, na ce ba na gari. Wannan ita ce dama ta biyu da Allah ya ba ni na sake watsar da ita, kuma a ganina ta fi ta farko muni, domin a wannan karon babu mai tsare da ni, babu kuma kuɗi a kan tebur, tsoron kunya ne kawai. Kotu ta duba takardu ta ga komai ya cika, ta kori ƙarar.

Sai babban zaɓe ya zo a cikin wahalar canjin kuɗi, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, mutane suna kwana a layin banki domin dubu biyar. An shirya zaɓen gwamnoni ranar 11 ga Maris 2023, aka ɗage shi zuwa 18 ga wata domin a sake saita na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS bayan zaɓen shugaban ƙasa. Ni ne ejan ɗin jam'iyyarmu a rumfar da ke makarantar firamare, wato daidai harabar da Baffa ya riƙe hannuna. Tun da babu tsabar kuɗi, taliya da sabulu da turamen atamfa aka kawo mana mu raba, mata suka karɓa suka yi godiya, suka shiga suka dangwala wa wani. 'Yan jam'iyyarmu da na san iyayensu suka yi abin da ake kira anti-fati, wato yi wa jam'iyyarsu zagon ƙasa, a fili, wasu kuma suka ƙi fitowa ko kaɗan. Da malamin zaɓe ya ɗaga ƙuri'u yana ƙirgawa da ƙarfi, rumfar da ba mu taɓa faɗuwa a cikinta ba muka sha kaye mai muni, na sa hannu a takardar sakamako yara suna yi mini ihu. Bayan kwana biyu aka bayyana cewa ɗan takararmu ya faɗi a jiha. Kujerar hukumar kasuwa ta tafi tare da shi, kuma lambar mai tattausar muryar nan ba ta sake shiga ba.

Azumi ya kama bayan zaɓen da 'yan kwanaki, kuma shi ne azumi mafi tsanani da na taɓa yi. Ba ni da keken aikin wuya, masu kawo ɗinki sun ragu, barci ya ƙaurace mini, har aka auna ni aka ce jinina ya hau. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, lita ta haura naira 500, babur ɗin ma ya gagare ni, na sayar da shi a kan asara na biya bashin hatsi. A cikin goman ƙarshe na wancan azumin ne na sami wani malami da nake jin nauyinsa, na zayyana masa komai, na tambaye shi kaffarar da zan yi. Ya ce da a ce rantsuwar na karya, da abin ya zo da sauƙi, domin ciyar da miskinai goma ne ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Amma ni rantsuwar na cika, amanar na karya, kuma amana tana da masu ita, suna nan da ransu a unguwarmu. Ya ce, "Malam, ni ba ni da abin da zan yafe maka. Ka san ƙofar gidajensu."

Sai da na yi wata biyar ina juya wannan magana kafin na iya. Wata ranar Juma'a bayan La'asar na roƙi liman ya tsayar mini da dattawan da suka halarci taron makarantar, na miƙe a gabansu na faɗi adadin kuɗin, na faɗi rantsuwar, na faɗi cewa babu kowa a kaina lokacin da na rubuta sunan, na kuma faɗi cewa ina gari lokacin da lauyoyi suka aiko. Muryata tana rawa kamar ta yaron da aka kama da satar goro. Wasu suka ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Wani ya tashi ya fita bai ce komai ba, kuma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ban kuma ga laifinsa ba, domin matarsa ce ta sha wahalar naƙuda a hanya bayan ungozomar nan ta bar asibitinmu. Baffa ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Mun sani tun ranar da ka shigo da babur. Jira muke mu ga ko jinin mahaifinka zai motsa."

Ban dawo yadda nake a da ba, kuma ba na zaton zan dawo. Kuɗin masallaci yana banki, rabon gado ana kiran wasu. Na ajiye muƙamina na jam'iyya, amma ban yar da katin zaɓena ba, kuma idan matasan unguwa suka zo shago suna lissafin abin da daliget zai samu a kaka mai zuwa, nakan ba su wannan labari da adadinsa, ba na rage komai. Wasu suna saurara, wasu suna dariya suna cewa ni ne ban iya ciniki ba, da su ne sai sun karɓi miliyan biyu.

Kwanakin baya, da aka fara kaɗa gangar 2027, wani daga cikin manyanmu ya tsaya da mota a ƙofar shago ya ce ana tattara sunayen tsofaffin 'yan jam'iyya masu jama'a, kuma ya sa nawa. Na gode masa, na ce ya cire, domin jama'ar da yake magana na riga na sayar da ita tun 2022. Ya yi dariya ya ɗauka wasa nake yi, ya ce zai dawo. Bayan tafiyarsa da kamar awa ɗaya sai ga jikan Baffa da yadi biyar na farar shadda a leda, ya ce Baffa ya ce a ɗinka masa riga da wando kafin Juma'a, kuma wai ba sai ya zo awo ba, in duba tsohon littafin mahaifina, awonsa yana ciki. Shekara uku ke nan rabon da ya kawo mini ɗinki. Na jawo littafin daga ƙarƙashin keken Singer, na kaɗe ƙurar, na sami shafin da rubutun ajamin mahaifina, sannan na rage inci biyu a ƙugu, domin tsohon ya rame.